Gurbin Hoto Ɗaya

Ranar sunan 'yar yayana ne wayata ta ƙi ni. Gidanmu na Sabon Gari ya cika da mata, an shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya, ƙamshin turaren wuta ya gauraya da na suyar ragon suna, sai aka miƙo mini jaririyar a naɗe cikin farin zane. Sunan Inna aka mayar, don haka babu mai iya kama sunan a gidan. Tun kafin azahar an riga an laƙaba mata Ummi. Na ɗora ta a cinya, na ɗaga waya, na danna. Maimakon hoto sai ga wani ɗan rubutu da Turanci, wai ma'ajiya ta cika, sai an rage kaya kafin a ɗauki sabo. Na sake dannawa, ya sake fitowa. Gwaggo da ke gefena ta leƙo ta ce, "Ke kuma me ya sami abar taki?" Na ce, "Ƙoshi ta yi, Gwaggo." Ta ce, "Ikon Allah, ashe su ma suna ƙoshi." Aka yi dariya, aka karɓe jaririyar, wata ta ɗauke ta da tata wayar.

Dariyata ba ta wuce leɓe ba. Watanni ke nan wayar tana yi mini wannan gargaɗi, ina lallaɓa ta da goge bidiyo ɗaya yau, manhaja ɗaya gobe, kamar mai bin bashi da ake sallama da kuɗin mota. Ba ƙiwa ce ta hana ni zama in yi mata shara ta gaskiya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: na san duk ranar da na fara bin hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, dole in iso watan Agustan 2021, kuma a cikin watan akwai hoton da ba na son gani, ba na kuma son rabuwa da shi.

Wannan a ƙarshen Maris ɗin 2022 ne. Malaman jami'o'i sun shiga yajin aiki tun 14 ga Fabrairu, yajin da bai ƙare ba sai tsakiyar Oktoba. Samaru kuwa gari ne da ke numfashi da hancin Jami'ar Ahmadu Bello. In ɗalibai suka watse, masu awara da masu fotokofi da 'yan acaɓar bakin ƙofa duk sai ka gan su sun yi tagumi. Ni ma karatun digirina na biyu ya tsaya cik. Uzurin rashin lokaci, wanda na daɗe ina fakewa da shi, ya faɗi. A daren sunan, da na koma ɗakin da nake haya a bayan kasuwar Samaru, na shiga cikin wayar don in ga me ta ci ta ƙoshi.

Irin wayoyin nan ce na China da suka cika hannun ɗalibai, na saye ta a 2019, an rubuta gigabait 32 a kwalinta. Abin da mai shago ba ya faɗa maka shi ne, wani babban kaso na wannan fili tsarin da ke tafiyar da wayar ya riga ya zauna a kai tun kafin ka kunna ta. Abin da ya rage shi ne rumbunka. Hoto ɗaya na kyamarar waya yakan ci megabait biyu zuwa biyar, gigabait kuwa kimanin megabait dubu ne; bidiyon minti guda yana iya cinye gurbin hotuna ashirin ko fiye. Da na duba lissafin nawa rumbun, sai na iske hotuna sun haura dubu tara.

Dubu tara! Na yi ta gungurawa ina mamakin yadda na zama baƙuwa a cikin kayana. Furannin barka da Juma'a sun fi ɗari uku, wasu iri ɗaya sak, daga zaurukan WhatsApp daban-daban: zauren dangi, zauren 'yan ajinmu na sakandare, zauren ƙawayen wata amarya da tuni ta haihu biyu. Ga samfurin ankon bukukuwan da ban je ba. Ga shaidar tura kuɗi, wadda mai kanti ya nema ya gani sau ɗaya, ta zauna shekara uku. Ga shafukan littattafai da na ɗauka a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da niyyar in karanta in na koma ɗaki, niyyar da ba ta taɓa cika ba. Ɗaukar hoton shafi takan sa mutum ya ji kamar ya karanta shi, wannan kuwa wata cuta ce da ya kamata malamanmu su yi mata lacca ta musamman. Mafi yawan kayan nan ba ni na zuba su ba. Manhajar tana sauke duk abin da aka turo kai tsaye, sai in ka je ka hana ta da kanka. Rumbu ne da na bar bakinsa a buɗe, kowa ya zo wucewa ya jefa damin ƙaiƙayinsa.

A nan ne adakar Baba ta faɗo mini a rai. Baba ma'aikacin reluwe ne, kamar yawancin dattawan layinmu. Ai Sabon Garin Zariya ɗan jirgin ƙasa ne: da layin dogo ya iso a 1911, sai ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da arewa suka yi ta kafa bukkoki a kusa da tasha, kamfanonin Turawa suka buɗe kantunansu, har gari ya tashi nesa da ganuwar birni. Baba ya yi shekara saba'in da 'yan kai a duniya, hotunansa uku ne kacal, suna cikin wata ambulan mai ruwan ƙasa a ƙasan adakarsa, tare da takardar fansho. Ɗaya na katin aiki ne, yana cikin kaki. Ɗaya na fasfo ne, na shekarar da ya sauke farali. Na ukun shi da Inna ne, an ɗauke su a shagon wani mai hoto a Sabon Gari a 1975, shekarar da aka naɗa Alhaji Shehu Idris sarautar Zazzau, da ita Baba yake ƙirga shekarun aurensu. Yana zaune a kujera, tana tsaye a bayansa, ga tulun furen roba a gefe, ga labule mai zanen bene. Ta sunkuyar da kai har ba a ganin idonta sosai. Baba yakan ce sai da mai hoton ya yi ta roƙo kafin ta ɗago haka ɗin ma.

Na taɓa karantawa cewa a wannan shekarar ce dai, a can Amurka, wani matashin injiniya na kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya harhaɗa kyamarar farko da ba ta bukatar fim. Baƙi da fari take ɗauka, kuma sai ta shafe daƙiƙa 23 tana rubuta hoto ɗaya a kan kaset, irin kaset ɗin da muka tashi muna jin wa'azi da waƙa a cikinsa. Wato lokacin da Inna take sunkuyar da kai a gaban labulen nan, an riga an haifi abin da zai zo ya mayar da hoto arha kamar ƙasa. A zamaninsu fim mafi tsawo da aka saba da shi hoto 36 yake ɗauka, kowanne da kuɗinsa, sai an kai an wanke, a ba ka hotonka da dodonsa. Tsadar ce take yi wa mutane zaɓi. Kafin a danna an yi wanka, an yi shawara, an san dalili. Mu da muka sami arha, an ɗage mana zaɓin ne zuwa wata rana, ranar da waya za ta ce ta ƙoshi.

Inna ba ta canza ba har ta koma ga Mahaliccinta. In na ɗaga waya sai ta ja mayafi ta ce, "Ke dai ba kya gajiya. Ni amarya ce?" Shi ya sa a cikin dubu taran nan, waɗanda fuskarta ta fito sosai ba su kai goma ba, su ma a taron biki ne, tana can baya, rabin fuska a bayan kafaɗar wata.

Sai guda ɗaya. A kwana na goma sha ɗaya da kwantar da ita a asibiti, ƙanwata da ke aure a Fatakwal, ga tsohon ciki ba ta iya tafiya, ta dame ni da kira. Ta ce muna ɓoye mata, ta ce in dai da gaske Inna tana samun sauƙi to in turo mata hoto. Gani ya kori ji. Na jira Inna ta yi barci, na ɗauka. Babu kallabi a kanta, furfurarta a barbaje a kan matashi, robar ƙarin ruwa a hannu, kumatunta sun faɗa, bakinta a ɗan buɗe. Ban taɓa ganin fuskarta a fili haka a hoto ba, babu mayafi, babu kunya, babu kawar da kai. Ƙarar ɗaukar ce ta tashe ta. Ta dube ni, ta dubi wayar, ta kai hannu kanta ta ji babu kallabi. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, a hankali, "Ki goge wannan. Kada a gan ni haka." Na ce, "To, Inna." Na fita baranda, na tura wa ƙanwata, na sa wayar a jaka. Kwana shida bayan nan Allah Ya karɓi abarSa.

Wannan "to" ɗin ita ce ta zauna mini a wuya wata bakwai. Mu Hausawa mun san sutura. Da hannuna na taya mata wanka, muka rufe ta ruf da likkafani, maza suka ɗauka. Amma ga shi a cikin jakata ina yawo da ita kai ba ɗankwali, daga Samaru zuwa Kwangila, daga aji zuwa kasuwa. Sau da yawa nakan kawo wa kaina hujja: ai ba wanda zai gani, ai ni 'yarta ce, na ga abin da ya fi wannan a jinya. Hujjar takan riƙe ni zuwa wayewar gari, ba ta wuce nan.

Washegarin suna na yanke shawarar da nake gani dabara ce: in sayi katin memori in kwashe komai in zuba, ba sai na zaɓi kome ba. Na hau bas daga bakin babbar ƙofar jami'a, muka bi ta Palladan da Kwangila, na sauka a PZ. Unguwar ta gaji sunanta ne daga kamfanin Paterson Zochonis, ɗaya daga cikin kamfanonin da suka yi cinikin fatu da gyaɗa da atamfa a zamanin Turawa. Yau kuwa abin da aka fi saninta da shi bankuna ne da shagunan waya, da samari masu ɗan teburi da ƙaramin sukundireba, waɗanda za su iya farke waya su mayar kafin ka gama shan ruwan leda. Na tsaya a wurin wani yaro da bai wuce sa'ar autanmu ba. Ya duba wayar ya yi murmushi, irin na likitan da ya ga zazzaɓin da ya saba gani.

"Anti, ai WhatsApp ne ya cinye miki ita. Duk abin da kika tura wa wani, sai ya ajiye nasa kwafin daban a wata jaka. Kin ga hoto ɗaya ya zama biyu ke nan."

Ya nuna mini wurin da manhajar take jera manyan fayiloli, waɗanda suka wuce megabait biyar, da waɗanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. Ya nuna mini yadda ake share tarkacen da manhajoji ke tarawa, wanda gogewarsa ba ta taɓa hoto ko saƙo. Ya gargaɗe ni a kan katin memori na jabu, mai babban adadi a jiki da ƙaramin ciki, wanda zai yi ta karɓar kaya kamar gaske, sai ranar da ka nema ka iske fanko. Na tambaye shi ma'ajiyar intanet da ake ta faɗa. Ya ce Google yana ba kowa gigabait 15 kyauta, amma da saƙonnin imel da takardu duk a ciki ake lissafi, kuma tun 1 ga Yunin 2021 aka daina ajiye hotuna ba iyaka, in ya cika sai biya duk wata. Ni dama ban taɓa kunna abin ba saboda tsoron cin data. A ranar na gode wa talaucina: da na kunna, da tuni hoton Inna yana kwance a wata na'ura, cikin wani katafaren gini a ƙasar da ba ta taɓa jin sunanta ba.

Sai ya ce, "Kawo in juye miki komai a kwamfutata, sannan in zuba a katin. Minti ashirin ne." Ya jawo waya zai soka. Ban san lokacin da na fizge ta daga hannunsa ba. Ya ɗago a razane ya ce, "Haba Anti, wallahi ba ma kallo." Na yarda da shi, har yau ban zarge shi da kome ba. Amma a wannan fizgar na ji amsar da na yi wata bakwai ina kauce mata. In har hannuna ya san cewa bai kamata hoton ya shiga kwamfutar wani ba, to ya san bai kamata ya kasance a ko'ina ba. Waya tana faɗuwa a bas, ana fizge ta a kasuwa, tana mutuwa a kai ta gyara, yaran gida suna ɗauka su yi wasa. Ni kaina ba dawwama zan yi ba, kuma ban san hannun da za ta faɗa bayana ba. Na biya shi ladan bayaninsa, ban sayi katin ba.

Kwana uku na yi ina shara. Furannin Juma'a suka tafi, anko ya tafi, shafukan littattafai na rubuta sunayen waɗanda nake bukata a takarda na sallame su. Inda na ɗauki abu ɗaya sau takwas, na bar ɗaya. Aikin yana da wani daɗi da ban zata ba, irin na ranar da aka fitar da kayan ɗaki aka yi shafe. Amma yana da wuyar da ba a faɗa: kowane hoto sai ya tsayar da kai ya tambaye ka ko shi wane ne a wurinka, kuma amsa biyu ce kawai, babu "bari in gani". Akwai ƙawar da muka ɓata, na iske hotunanmu sittin. Na bar biyu, ban san ko adalci na yi mata ko rowa ba.

Da na iso watan Agusta sai na rage gudu. Kusan duka hotunan takardun magani ne, waɗanda nakan ɗauka in tura wa Yaya ya sayo a kemis. Na zaɓe su gaba ɗaya zan goge, sai idona ya tsaya a kan guda. Takardar ta fito dishi-dishi, ba a ma iya karanta rubutun likitan, shi ya sa na sake ɗaukar wani a lokacin. Kyamarar ta bar takardar ne ta kama abin da ke riƙe da ita: hannun Inna. Babban yatsanta a kan gefen takardar, sauran jan lallen Babbar Sallah ya tsaya a rabin farce, sabon farce fari ya biyo shi daga ƙasa. Ga zoben azurfarta da ya yi mata yawa har ta naɗa masa zare. Ga tabon ƙunar man gyaɗa a bayan hannu, wanda ta samu tun ina firamare, shekarun da take suyar ƙosai a ƙofar gida don kuɗin makarantarmu. Na tuna ma ita ta ce, "Kawo in riƙe miki, hannunki rawa yake." Wannan hoton da saninta aka ɗauke shi, da taimakonta ma. Wata bakwai yana kwance a tsakanin tarkace, ban san da shi ba, domin idona yana kan wancan.

A daren da aka ga watan azumi, farkon Afrilu, na kira ƙanwata. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na ce mata akwai hoton nan na asibiti, Inna ta ce a goge, ina so ta goge nata. Ta yi shiru har na zaci layi ne ya yanke. Sannan ta ce, "Yaya, ai ni a daren na goge. Kallo ɗaya na yi masa. Ba haka nake so in riƙa tuna ta ba." Ashe ita da ta nema ta saki tun a ranar, ni da aka roƙa ce na riƙe.

Na fara da kwafin da ke jakar abubuwan da aka tura, wanda yaron PZ ya tona mini asirinsa. Wannan ya tafi nan take. Sannan na zubar da kwandon sharar wayar, domin abin da aka goge ba ya sakin gurbinsa sai an zubar da kwandon, ko kuma ya cika kwana 30 ya tafi da kansa. Gigabait goma sha ɗaya suka dawo. Daga ƙarshe na buɗe na asalin. Ban daɗe ina kallo ba. Na yi mata addu'a, na danna, ya faɗa kwandon shi kaɗai.

Ban zubar ba. Gara in faɗi gaskiya tunda na fara: na bar wa wayar ta ƙarasa abin da hannuna ya kasa. Duk tsawon azumin nan na san yana nan, ana rage masa kwana kamar yadda muke rage namu. Sau biyu na leƙa. A goma ta tsakiya na ga an rubuta saura kwana 16, yatsana ya yi shawagi a kan wurin da ake maidowa, sai aka kira sallar asuba na ajiye. A daren ashirin da bakwai na sake leƙawa, ban buɗe shi ba, lambar kawai na duba.

Ana jibi Sallah na shiga Sabon Gari, na sami shagon wanke hoto a kusa da kasuwa, na ba da hoton hannun. Mai shagon ya duba ya ce, "Hajiya, wannan ai bai fito ba, takardar duk ta yi hazo." Na ce ya wanke haka nan, guda uku: nawa, na Yaya, da na Fatakwal. Nawa na kai gida na buɗe adakar Baba, na sa shi cikin ambulan ɗin nan, bayan na 1975.

Da safiyar Sallah, kafin mu fita idi, na buɗe kwandon na iske shi wayam. Na zauna a bakin gado na ɗan jima. Can na ji matar Yaya tana kira daga tsakar gida, wai in zo in ga Ummi an sa mata kayan Sallah, har da ɗan kallabi da ya rufe mata rabin goshi. Na fita na karɓe ta, na juya ta wajen haske, na ɗauka sau ɗaya. Gwaggo ta ce, "A'a, yau ta yarda ke nan?" Na ce ta yarda. Ta ce, "To ƙara wani mana, ta rufe ido." Na duba, da gaske ta rufe ido. Na mayar da wayar jaka, na ce mu tafi kada mu rasa sallah.